Sauya Tsofaffin Kafasitoci a Rediyo Mai Bawul: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan fitowa daga masu farfaɗo da rediyoyi masu bawul (kwan gilashi mai ƙara ƙarfin sigina), irin waɗanda aka ƙera daga shekarun 1930 zuwa farkon 1960, kafin taransisto ya kore su daga kasuwa. Wanda bai taɓa buɗe bayan irin wannan rediyo ba, ya karanta ta 2 da ta 3 kafin ya ɗauki sukundireba.

1. Mece ce kafasita, kuma me ya sa ita ake fara zargi?

Kafasita, wadda tsofaffin takardun gyara ke kira kwandensa, faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba da wani abu da wuta ba ta ratsawa: takarda, ko maika, ko tangaran, ko leda. Tana ajiye wuta ta sake ta, kuma tana tare wuta mai tafiya hanya ɗaya, wato DC, ta bar sigina mai kai-da-komo ya wuce. Rediyo mai bawul ya dogara ƙwarai da wannan tarewar, domin a cikinsa akwai inda bolt 250 ke zaune daf da wurin da ba a son ko bolt ɗaya.

Mutane kan ɗauka bawul ne ke lalacewa, tunda shi ne gilashi, shi ne ke zafi. Amma bawul a rufe yake ruf, babu iska a ciki, awannin aiki ne ke cin sa, ajiya ba ta cika yi masa komai ba. Kafasita kuwa ko an kunna ko ba a kunna ba, shekaru na cin ta. Takardar da ke ciki tana shan danshi ta cikin kakin da aka lulluɓe ta da shi, sai ta fara yoyo, ta bar DC na silalewa. Mai ruwa kuma ruwan ne ke bushewa. Rediyon 1950 ya haura shekara 70, kuma babu wanda ya ƙera kafasitar takarda don ta kai haka.

2. Na samo tsohon rediyo. In jona shi da wuta in ji ko yana magana?

Kar ka jona. Idan babbar kafasita mai tace wuta ta haɗe a ciki, da zarar rektifaya, wato bawul mai mayar da wuta zuwa DC, ya ɗumama wuta za ta kwarara ba birki. Ko dai rektifayan ya tafi, ko taransifoma ta ƙone, ko kafasitar ta fashe ta watsa abin cikinta. Kafasita ana samun sabuwa a sauƙaƙe. Taransifomar rediyon 1948 kuwa sai dai a ciro daga gawar wani irinsa, ko a sake naɗa ta da hannu.

Fara da ido da hanci. Duba wayar wuta ko robarta ta farfashe, duba ko kaki ya narke ya ɗiga, ko wani farin gari ya fito a gindin gwangwanin kafasita, ko kwalta ta tsattsafo daga taransifoma. Auna naɗin taransifomomin da mita ka tabbatar ba su tsinke ba, don kar ka yi wahalar banza. Sannan ka sauya kafasitar da ke tambaya ta 6 da masu tace wuta na tambaya ta 10.

Kunnawar farko kuma ta cikin kwan fitila ake yin ta. A sa kwan mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da rediyon, yadda duk wutar da zai ja sai ta bi ta kwan. Idan ya yi haske ya dusashe, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske tar, akwai haɗewa, a kashe nan take. Kwan LED ba ya wannan aikin.

3. Wai da gaske wuta na iya jan mutum ko an zare filogi?

Da gaske. Babbar wutar cikin irin waɗannan rediyoyi takan kai bolt 250 zuwa 350, kuma kafasitocin tace wuta na iya riƙe ta bayan an kashe. Kafin ka sa hannu, ɗauki razista (abin da ke rage gudun wuta) ta kilo-om 22 mai wat 5 da aka sa wa wayoyi masu rufi, ka haɗa ƙafafun kafasitar da ita na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ka auna da mita ka ga wutar ta sauka. Kar ka haɗa su da bakin sukundireba: tartsatsin na iya lahanta kafasitar. Tsohuwar kafasita kan sake tara 'yar wuta da kanta bayan an zubar, don haka a sake aunawa idan an tashi an dawo.

Babban hatsarin yana ga rediyoyin da ba su da taransifomar wuta, masu aiki da AC (wuta mai kai-da-komo) da DC duka. A cikinsu, shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan rediyon a kai, yakan kasance haɗe da ɗaya daga wayoyin wutar gida, kai tsaye ko ta wata kafasita. Juya filogi kawai na iya sa shasin ya ɗauki cikakkiyar wuta. Ana gane su da sunayen bawul ɗinsu: na Amurka masu bawul biyar suna da irin 35Z5 da 50L6, ko 35W4 da 50C5, na Turai kuma sunayen na farawa da U, kamar UL41 da UY41 da ke cikin Bush DAC90A na Ingila. Ba a aiki a kan irin waɗannan a kunne sai ta taransifomar keɓewa, wadda ke raba rediyon da wayoyin wutar gida. Kwan fitilar tambaya ta 2 rediyo yake karewa, ba mutum ba. Idan dole ne a auna a kunne, hannu ɗaya ya yi aiki, ɗayan ya kauce wa shasi.

4. Yaya zan bambanta nau'o'insu da ido?

Ta takarda doguwa ce kamar guntun kyandir, an naɗe ta da kwali an tsoma a kaki, yawanci ta yi baƙi da ƙura, kuma tana danƙo a yatsa. Girmanta daga 0.001 zuwa 0.5 µF, wato maikirofarad, ma'aunin girman kafasita. Mai ruwa, wadda ake kira ilektirolitik, ita ce gwangwanin alminiyam da ke tsaye a kan shasi, ko ƙatuwar mai kwali a ƙarƙashi, tana da alamar + da −, girmanta daga 2 µF zuwa sama. Ta maika 'yar fale-fale ce mai kusurwa huɗu, sau da yawa da ɗigo-ɗigon launi. Ta tangaran kuma ko faifai ce ko ɗan bututu.

Akwai masu ɓad-da-kama. Wasu kamfanoni sun zuba kafasitar takarda cikin roba mai tauri: baƙaƙen Sprague masu zoben launi, da ƙananan Hunts masu launin ƙasa ko baƙi da ke cike rediyoyin Ingila. Tsabtarsu a ido ba hujja ba ce, cikinsu takarda ce. Haka wasu masu siffar maika: idan girmansu ya kai 0.01 µF, ko ɗigon farko ruwan azurfa ne, a ɗauke su a matsayin takarda. A ɗaya ɓangaren kuma, masu launin ɗorawa na Mullard da Philips da suka bazu a shekarun 1960 foliyesta ne, kuma galibi lafiyarsu ƙalau har yau.

5. To waɗanne ake sauyawa, waɗanne ake bari?

Ta takarda, a sauya duka. Mai ruwa, a sauya ko a gwada farfaɗo da ita kamar yadda ke tambaya ta 12. Maika da tangaran da folistirin, a bar su sai an kama su da laifi.

Akwai masu gyara, musamman masu son barin kayan asali, da ke cewa a sauya waɗanda babbar wuta ke kansu kawai, a bar wadda ke gefen 'yar ƙaramar razistar katod (sashen bawul da ake ɗumamawa) misali, tunda yoyonta ba ya canza komai a wurin. Maganarsu da gaskiya a lissafi. Sai dai rediyon da za a riƙa kunnawa kullum, na fi ganin a kwashe takardun gaba ɗaya a huta, domin wadda ta ci jarrabawa yau za ta iya faɗuwa bayan wata biyu na zafi. Dalilin barin maika kuwa yana tambaya ta 16.

6. Rediyona yana magana lafiya lau. Me zai sa in taɓa shi?

Saboda kafasita guda ɗaya, wadda ke tsakanin anod (inda sigina ke fita) na bawul mai ƙara sauti da girid (inda sigina ke shiga) na bawul na ƙarshe. Yawanci 0.01 zuwa 0.05 µF ce. Aikinta ta miƙa sauti, ta tare wutar da ke kan anod ɗin. Masu gyara a Ingila sun san ta sosai har ba sa ambatar lambarta, kowa ya san wadda ake nufi.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. A ce akwai bolt 100 a kan anod, razistar girid kuma kilo-om 470 ce. Idan kafasitar ta yi yoyo har juriyarta ta sauko mega-om 10, kusan bolt 4.5 zai hau kan girid. Bawul irin EL84 an tsara shi ne girid ɗinsa ya zauna kusan bolt 7 ƙasa da katod, yana jan miliampiya 48, kuma a haka ma yana bakin iyakarsa ta wat 12. Da wannan yoyon, abin da yake ja na iya haura miliampiya 60. Duk wannan ƙarin ta cikin siririyar wayar taransifomar sauti yake bi, daga taransifomar wuta yake fitowa, kuma yoyon na ƙaruwa ne yadda cikin akwatin ke ƙara zafi. Rediyon zai ci gaba da magana, wataƙila da ɗan dishi-dishi bayan minti ashirin, har ranar da zai yi shiru da warin ƙuna.

Gwajin ba wuya: a rediyo mai razistar katod, auna DC tsakanin girid na bawul na ƙarshe da shasi bayan ya ɗumama. Ya kamata ka ga sifili ko daf da shi. Duk wani + da ke hawa a hankali, ko kafasitar ce ko bawul ɗin kansa ya fara lalacewa, kuma da kafasitar ake farawa.

7. Na auna da mita ta nuna adadin daidai. Ba lafiyarta ƙalau ke nan ba?

A'a. Mitar hannu da 'yan bolt kaɗan take gwaji, yoyo kuwa sai an ɗora wa kafasita ɗaruruwan bolt yake bayyana sosai. Abin da ya fi ruɗarwa, kafasita mai yoyo takan nuna adadi sama da abin da aka rubuta mata. Idan ta 0.05 ta nuna 0.09, danshi ne ya shige ta.

Gwajin gaske shi ne da mitar auna rufin waya, wadda ke fitar da bolt 250 ko 500. Sabuwar kafasitar leda kan nuna dubban mega-om. In babu wannan mitar, cire ƙafar kafasitar ta ɓangaren girid, ka kunna rediyon, ka auna DC tsakanin sakakkiyar ƙafar da shasi. Lafiyayya za ta ɗan yi tsalle ta koma sifili. Ga masu ruwa, mitar ESR, mai auna juriyar cikin kafasita, na nuna wadda ta bushe, amma ba ta nuna yoyo.

8. An rubuta .05 MFD, ni kuwa 0.047 kawai nake samu. Ya zan yi?

Sa ta. Tsofaffin kafasitocin takarda sukan kauce wa adadinsu da kashi 20 cikin ɗari tun suna sababbi, don haka bambancin 0.05 da 0.047 ba komai ba ne. Haka 0.02 ta zama 0.022, 0.03 ta zama 0.033, 0.005 ta zama 0.0047.

Wajen karanta rubutun ne ake faɗawa rami. MFD ko MF a tsohon kaya maikirofarad ne, µF. MMFD kuma pikofarad ne, pF, wanda ya fi ƙanƙanta sau miliyan. Tsofaffin rediyoyin Jamus kan rubuta cm, kuma cm ɗaya kusan 1.1 pF ne. Sababbi kuma lamba uku suke ɗauka a pikofarad, ta ƙarshe tana faɗin yawan sifili: 103 ita ce 0.01 µF, 473 ita ce 0.047, 104 kuma 0.1. Kuskuren sifili ɗaya na sa sauti ya toshe ko ya siranta, don haka a auna kowace sabuwa kafin a liƙa.

9. Bolt nawa ya kamata sabuwar ta iya ɗauka?

Daidai da tsohuwar ko sama, ban da ƙasa. Mafi sauƙi a sayi foliyesta ko folifirofilin masu bolt 630 a yi amfani da su ko'ina a madadin takarda. Wuri biyu ne wannan bai isa ba. Na farko, kafasitar da ke kan anod na bawul na ƙarshe ko a gefen naɗin farko na taransifomar sauti: sauti na sa wutar wurin ta yi tsalle sama da babbar wutar, don haka a sa mai bolt 1000 ko fiye. Na biyu, duk wadda ke taɓa wutar gida, ita kuma tana tambaya ta 14.

Ga masu tace wuta, a tuna cewa lokacin kunnawa wuta kan haura ta koma, kafin sauran bawul su ɗumama su fara ja. Mai bolt 450 ta wadatar wa yawancin rediyoyi masu taransifoma.

10. Rediyon yana ƙugi. In sa babbar kafasita fiye da ta asali don ƙugin ya mutu?

Ƙugin da ba ya raguwa ko an rage ƙara gaba ɗaya, kusan kullum daga masu tace wuta ne da suka bushe. Sabuwa mai girman asali ta isa ta kashe shi: 8 µF ta zama 10, 32 ta zama 33, 50 ta zama 47.

Ƙara girma kuwa da iyaka, musamman ga ta farko, wadda ke bin rektifaya kai tsaye. Rektifaya yana cika ta ne da gajerun bugu masu ƙarfi, kuma yadda ta ƙara girma haka bugun ke ƙara tsanani. Kowane rektifaya na da iyakarsa a takardar bayaninsa. EZ80 misali 50 µF ce iyakarsa, tsofaffi irin 80 da 5Y3 kuma ƙasa da haka sosai suke so. Wanda ya ɗora musu 100 µF zai ga tartsatsi a cikin gilashi. Ta biyu, wadda ke bayan razista ko cok (naɗin waya mai tace wuta), ana iya ɗan ƙara ta ba matsala. A zaɓi masu jure zafin digiri 105 maimakon 85, a kuma nisanta su da bawul na ƙarshe da manyan razistoci, domin kowane ƙarin digiri 10 na rage rayuwar mai ruwa da kusan rabi.

11. Gwangwanin yana da ƙafa uku ko huɗu. Yaya ake maye gurbinsa?

Kafasitoci biyu ko uku ne a gida ɗaya, suna tarayya a ƙafar −, wadda galibi jikin gwangwanin ne. Jikinsa na ɗauke da bayanin kowane sashe, da launi ko alama kamar murabba'i da alwatika. Hanya mai sauƙi ita ce a bar shi tsaye a samansa don kyan gani, a cire wayoyinsa na +, a kafa 'yar madogara a ƙarƙashin shasi a jera sababbi ɗai-ɗai. Abin da ba a yi shi ne liƙa sabuwa a kan ƙafar tsohuwa ba tare da an cire ta daga layi ba. Ƙugin zai tafi, amma yoyon tsohuwar na nan, kuma ranar da ta haɗe duk abin da ke tambaya ta 2 zai faru.

A lura da wani tarko. A rediyoyi da yawa na shekarun 1930 da 1940, ƙafar − ba ta haɗe da shasi. Za ka ga an sa wa gwangwanin rigar kwali ko an ɗora shi kan wani faifai mai raba shi da ƙarfe. A irin wannan tsari, − ɗin na zuwa tsakiyar naɗin taransifoma ne, kuma daga nan ake samo wutar da ke danne girid. Idan ka kai sabuwar shasi kai tsaye, ko ƙugi ya ƙaru, ko bawul na ƙarshe ya rasa mai danne shi ya ɗau zafi. Bi wayar ka ga inda ta nufa, ka kuma duba taswirar rediyon.

12. Mene ne farfaɗo da kafasita mai ruwa, kuma yana da amfani?

A cikin mai ruwa, abin da ke tare wuta wani siririn rufi ne da ke samuwa a kan alminiyam, kuma wutar aiki ce ke raya shi. Doguwar ajiya na sa ya zaizaye. Farfaɗowa ita ce a ba ta wuta sannu a hankali ta cikin razista, misali kilo-om 22 zuwa 47, yadda abin da take ja ba zai wuce 'yan miliampiya ba, ana kallo har ya sauka. Yakan ɗauki awanni. Idan a cikakkiyar wutarta yoyon ya sauko ƙasa da miliampiya ɗaya, ba ta yi ɗumi ba, kuma girmanta bai ragu ba, ana iya barin ta.

Gwangwanayen shekarun 1950 masu kyakkyawan rufi sukan farfaɗo. Masu kwali, da waɗanda suka kumbura ko suka fitar da gari, kar a ɓata lokaci a kansu. Farfaɗowa na gyara rufin ne kawai, ba ta mayar da ruwan da ya bushe.

13. Tsohuwar ta takarda tana da zobe a gefe ɗaya. Tana da + da − ke nan?

Ba ta da su. Zoben na nuna ƙafar da ke haɗe da farantin waje ne, wanda ake kaiwa ɓangaren shasi don ya zama garkuwa daga ƙugi. Sababbin na leda ƙanana ne, kuma a yawancin wurare ko ta yaya aka juya su daidai ne.

Masu ruwa ne ke da + da − na gaske, kuma juya su na sa su zafi su fashe. Hattara da abu biyu: tsofaffi sukan yi alama a +, sababbi kuma ratsin jikinsu − yake nunawa. Sannan a rediyo mai FM akwai 'yar ƙarama ta 2 zuwa 5 µF a sashen fitar da sautin FM, wadda a rediyoyi da dama + ɗinta ne ke zuwa shasi. Ɗauki hoto kafin ka yanke.

14. Mece ce kafasitar X da Y da ake ta magana?

Kafasitoci ne da aka ƙera kuma aka gwada musamman don zama a kan wutar gida, inda tsawa da kunna manyan injuna ke jefo bugun da ya ninka wutar sau da yawa. Ajin X, kamar X2, na tsakanin wayoyin wuta biyu ne. Ajin Y, kamar Y2, na tsakanin wayar wuta da shasi ko duk wani ƙarfe da hannu zai iya taɓawa, kuma an tsara shi yadda ba zai mutu a haɗe ba.

Tsohuwar takardar da ke waɗannan wurare ita ce ta fi kowace shan wahala, shi ya sa sau da yawa ake tarar da ita ta riga ta tarwatse. Ta leda mai bolt 630 ba ta maye gurbinta. Ga ta Y, kar a wuce girman asali, ƙasa da shi ma ya fi, domin yadda ta girma haka wutar da za ta iya bi ta jikin mai taɓa shasi ke ƙaruwa. A rediyoyin tambaya ta 3, kafasitocin da ke kan ramin eriya da na wayar ƙasa su ma Y ne ya dace da su.

15. In kwashe su duka lokaci ɗaya, ko ɗaya bayan ɗaya?

Ɗaya bayan ɗaya. Da farko a sauya na tambayoyi 6, 10 da 14, a samu rediyon ya yi magana ko da ba daɗi. Daga nan, bayan kowace biyu ko uku a kunna a saurara. Idan ya yi shiru, ka san inda za ka duba. Wanda ya yanke ashirin a zama ɗaya ya kunna ya ji tsit, wurare arba'in ke gabansa.

Wajen liƙawa hanya biyu ce. Ko a tsotse tsohuwar dalma a warware wayar daga ƙafar soket, ko a yanke tsohuwar a bar ɗan guntun waya, a lanƙwasa ƙafar sabuwar ta sarƙe shi a zuba dalma. Ta farko ta fi tsabta, amma ƙafafun soket na bawul da na naɗe-naɗen waya na karyewa, kuma zafi na lalata abin da ke kusa. A irin waɗannan wurare ta biyu ta fi hikima. A sa wa dogayen ƙafafu riga, a kwantar da sabuwar inda tsohuwar take, a kai ta wurin shasin da tsohuwar ta je. A sashen FM da gajeren zango, tsawon ƙafa kansa na canza aiki, don haka a gajarta.

16. Me ya sa ba a taɓa na maika? Ba sa lalacewa ne?

Suna lalacewa, amma da wuya. Yawancinsu kuma suna cikin sassan kamo tasha da gwangwanayen IF (masu tace siginar tashar da aka kamo), waɗanda aka saita a masana'anta a kan 455 ko 465 ko 470 kHz, FM kuma 10.7 MHz. Sauya guda na iya gusar da saitin, sai an nemi janaretan sigina a sake shi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a murɗa 'yan sukurorin da ke kan gwangwanayen da sunan ɗaure su.

Ciwon da aka san su da shi shi ne na azurfar da ke rarrafawa a kan maikar da ke gindin gwangwanin IF, wanda ya fi yawa a rediyoyin Amurka na shekarun 1950. Alamarsa ƙarar fashe-fashe kamar ta tsawa, ko an cire eriya. Maganin shi ne a buɗe gwangwanin a cire maikar, a sa sabuwar maika mai azurfa ko tangaran ajin C0G, a sake saiti.

17. Ina so ƙarƙashin shasi ya zauna kamar na asali. Akwai dabara?

Akwai. A ɗumama tsohuwar ta takarda da iska mai zafi har kakin ya yi laushi, a zaro cikin da filaya, a goge kwalin, a zura sabuwar, a toshe bakunan da kaki. Gwangwani kuma a yanka shi a gindi, a kwashe cikin, a jera sababbi, a mayar. Aiki ne mai cin lokaci, ya dace da rediyo mai wuyar samu. A bar 'yar takarda a cikin akwatin da ke bayyana abin da aka yi, don kar mai gyara na gaba ya ga kwali ya yanke.

Sayen tsofaffin na takarda da ba a taɓa amfani da su ba kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, kamar yadda dalilin ke tambaya ta 1.

18. Akwai guba a cikin waɗannan kayan?

Akwai. Wasu kafasitoci masu mai a gwangwanin ƙarfe, na kafin ƙarshen shekarun 1970, na ɗauke da sinadarin PCB, wanda Amurka ta haramta ƙera shi a 1979. Irin waɗannan ba a yanka su, a kai su inda ake karɓar shara mai guba. Dalmar cikin rediyon mai gubar darma ce, farin gari ko rawaya a jikin shasi na iya zama kadmiyam, wani farin allo kusa da wurin zafi kuma na iya zama asbestos. Kar a kankare su a bushe, kar a hura da baki. A yi aiki inda iska ke shiga, a wanke hannu.

19. Na sauya duka amma har yanzu akwai matsala. Ina zan duba?

Fara da aikin hannunka: ƙafar da ta tafi ramin da ba nata ba, ɗigon dalma da ya haɗa ƙafa biyu, wayar da ta tsinke garin ja, 103 a wurin 104. Kwatanta da hotunan da ka ɗauka. Idan fito yake yi ko ɓat-ɓat kamar babur, duba ko an kwantar da wata sabuwa kusa da wayar girid, ko wata mai tace wuta ba ta samu − ɗinta daidai ba, kamar yadda ke tambaya ta 11.

In aikin ya fita, koma kan razistoci. Tsofaffin na gawayi sukan haura adadinsu da shekaru, musamman masu girma daga kilo-om 100 zuwa sama, kuma duk wadda ta kauce da fiye da kashi 20 cikin ɗari a sauya ta. Goge ƙafafun bawul da makunnin sauya zango. Sannan a cire kwan fitila, a auna wutar anod da sikirin (girid na biyu) da katod na kowane bawul a kwatanta da taswira. Mitar zamani kan nuna ɗan sama da alƙaluman tsohuwar takarda a wuraren da ke bayan manyan razistoci, domin tsofaffin mitoci na jan wuta da kansu. A bar shi ya yi awa guda a kunne kana kusa, a kashe a zare filogi, a taɓa taransifomar wuta: ɗumi daidai ne, amma idan yatsa ba ya iya zama a kanta, akwai abin da ke jan wuta fiye da ƙima, a koma kan gwajin girid na tambaya ta 6.